Ko Loma Ɗaya Ce

Shekara uku ke nan da na kusa kai kawun mai gidana lahira da tuwon shinkafa, kuma da zuciya ɗaya na yi.

Washegarin Babbar Sallah ne. Ya taso daga Zariya zai zaga dangi a Kaduna, gidanmu na Barnawa ne zangonsa na ƙarshe. Dattijo ne da mu muke zuwa gaishe shi, bai taɓa tako ƙofarmu ba, don haka tun asuba na ɗora tukunya. Tuwon shinkafa mai laushi da miyar taushe, waina wadda na jiƙa shinkafarta tun daren jiya, soyayyen naman layya kwano guda, lemo mai sanyi kwalba biyu. Na durƙusa na gaishe shi, na matsar da tire gabansa.

"Kawu, bismillah."

"Sannu da aiki, 'yata. Da ba ki wahalar da kanki ba, ruwa ma ya ishe ni."

"Haba Kawu, yau ɗaya kun zo gidanmu ku ce ruwa? Ko loma ɗaya ce a ɗan taɓa mana."

Ya wanke hannu, ya gutsuri gefen malmala, ya mayar da murfi. Da na dawo kwashe kaya na tarar kamar ba a taɓa ba, sai na saki maganar nan da kowace matar Bahaushe ta san ba ta da makari: "Ko dai girkin namu ne bai yi muku ba?" Ya dube ni, ya yi murmushi, ya sake jawo kwano. Sai da ya tashi da malmala biyu da waina uku, ya kora da lemo. Ni kuwa na koma kicin ina murna na fita kunyar surukai.

Bayan magariba ya fara kwankwaɗar ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana zaryar banɗaki, can ya ce yana ganin hazo-hazo, kansa na sarawa. Ƙarfe tara na dare muna asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta soki ɗan yatsansa ta dubi na'ura, ta ɗago ta dube mu, ta ce me ya ci yau. Ashe shekara da shekaru yana fama da ciwon sukari da hawan jini. Ashe kafin ya iso wurinmu ya tsaya gida ɗaya a Kawo, ɗaya a Unguwar Sarki, kowanne an yi masa irin magiyar da na yi masa, ga maganinsa ya baro a Zariya. Mai gidana ya san da ciwon, wai sha'afa ya yi bai gaya mini ba. Kwana biyu aka riƙe Kawu. Da na kai masa ruwan zafi da safe ina ta ba shi haƙuri, cewa ya yi, "Ke me kika yi? Ai karamci kika yi."

Wannan kalmar ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Abin da na tsaya a kai tun daga ranar shi ne, magiyar da muke yi wa baƙo a kan abinci ta tashi daga karamci ta koma tilas, kuma lokaci ya yi da za mu riƙa tambaya kafin mu ɗora tukunya, mu kuma yi shiru in an ce mana an ƙoshi.

Na san dalilin da ya sa abin yake da wuya. A wurinmu ƙin cin abincin mutum babbar magana ce. In ka ci na wani, ka yarda da shi ke nan. In aka yi sulhu tsakanin mutum biyu, sai an ga hannuwansu cikin kwano ɗaya ake cewa magana ta wuce. Wanda ya ture kwano kuwa, ko dai ya raina gidan, ko yana riƙe da wani abu a zuciya, ko kuma, wanda ya fi muni, yana zargin an yi masa barbaɗe. Je ki gidan kishiyar mahaifiyarki ki ce kin ƙoshi, ki ga fassara nawa za a yi wa maganar kafin ki kai bakin titi. Saboda haka baƙo mai ciwo yana tsakanin lafiyarsa da zumuncinsa, kuma dattawan da na sani, goma cikin goma, zumuncin za su ɗauka. Ga mu da ɓoye ciwo. Namiji ba zai buɗe baki gaban matar ɗansa ya ce yana da sukari ba. Uwar budurwa ba za ta ce 'yarta na da gyambon ciki a gidan da ake neman aurenta ba.

Waɗanda suka bar mana wannan al'ada suna da hujjarsu. Baƙonsu da ƙafa yake zuwa ko a kan jaki, da ƙura da yunwa, kuma kunya kan hana shi cewa yana jin yunwar, dole sai an matsa masa. Tuwon dawa da miyar kuka za a ba shi, ko fura, ya ci ya kama hanya ya narkar da shi kafin ya isa gida. Baƙonmu na yau a mota ya zo, gidanki ne na uku da ya shiga, kuma abin da za ki ajiye masa ba irin na kakarki ba ne.

Duba abin da muke kira abincin baƙo. Da an ce wane zai zo, sai a ture abin da gida ya saba ci. A soya shinkafa, a soya kaza, a ƙara mai har ya taso saman miya yana ƙyalli, a murmusa dunƙule huɗu inda aka saba sa biyu, a fito da cincin da dubulan, a aiki yaro shago ya sayo lemo. Gwargwadon girman baƙo, gwargwadon mai da gishiri da sukarin da za a ɗura masa. Su kuwa manyan baƙin, su ne dattawan da likita ya hana waɗannan abubuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba mai lafiya zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan lissafi ya haɗa da wanda ke cikin burodi da kilishi da yaji. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Kanwar da muke jefawa a miyar kuɓewa da wake ita ma sinadarin da ke cikin gishiri ne a jikinta, shi ne mai tayar da hawan jini. Kwalbar lemo guda kan ɗauki sukari wajen ƙaramin cokali takwas ko tara, alhali shawarar hukumar ita ce kada a wuce kamar goma sha biyu a yini, in ma an tsaya a shida ya fi. Har gwamnatin tarayya, a dokar kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha masu zaƙi. Ni kwalba biyu na jera wa Kawu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu mutanen Kaduna mun iya wannan ladabi tun tuni, a wani fanni dabam. Maƙwabciyata 'yar Kafanchan ce, Kirista. Duk jajiberin Kirsimeti sai ga yaranta da kaji a hannu sun kawo wa mai gidana ya yanka musu, don kawai in ta aiko mana da kwano mu ci da kwanciyar rai. Ba mu taɓa roƙonta ba, ba ta taɓa cewa iyayi ne ba. Ni ma na san in lokacin azuminsu ya zo, ranar Juma'a ba ta cin nama, in zan aika mata abu da kifi nake yi. Rikicin 2000 da na 2002 sun raba garin nan, mutane da yawa suka tattara suka koma tsallaken kogin da suka fi samun natsuwa, amma a unguwannin da aka ci gaba da zama tare, kwano bai daina tsallaka katanga ba, kuma kowa ya san abin da ɗan'uwansa ba ya ci. To in mun iya kiyaye abin da addini ya hana maƙwabci, me ya sa wanda likita ya hana kawu ya zama tsirfa?

Addinin ma bai ce a yi dole ba. Ana yawan ja mana hadisin da ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa, kuma gaskiya ne. Amma an ajiye wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, ba a saba da shi ba ne a ƙasar mutanensa, ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci abinsa. Ba wanda ya yi fushi, ba wanda ya ce ko loma ɗaya ce. Akwai kuma wanda ya fi kama da zancenmu. Manzon Allah ya shiga gidan Ummul Munzir tare da Sayyadina Ali, lokacin Ali bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Suka fara cin dabino, sai ya tsayar da Ali, ya tuna masa bai gama murmurewa ba. Matar gidan ta tashi ta dafa sha'ir da wani ganye, aka ce wa Ali ya ci wannan, shi ya fi masa amfani. Ga mai masauki ta sake ɗora tukunya saboda baƙo ɗaya mai lalura, shekara fiye da 1,400 da suka wuce.

Za a ce mini, a wannan tsadar? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace mace ta san yadda take lallaɓa gas da gawayi, wa zai yi girki biyu? Ina jin wannan ƙorafi, ni ma da mudu nake aune. Amma tukunya ɗaya ce, sanin lokacin raba ta ne kawai. Ki soya albasa da tattasai da tumatir, ki zuba ruwan nama, ki sa daddawar kalwa da tafarnuwa da citta da masoro. Kafin hannunki ya kai kan dunƙule da gishiri da attaruhu, ki ɗebi ludayi biyu a ƙaramar tukunya ki ajiye gefe. Shi ke nan kin sallami mai hawan jini da mai gyambon ciki a lokaci guda. Yaji ya zo a ɗan kwanonsa, mai so ya barbaɗa. Zoɓo ki dafa shi da citta da kanumfari da ɓawon abarba, sukari ya tsaya a gefe da cokali. Naman da za a soya, a ɗebi kaɗan a yi farfesu a kwashe kitsen da ya taso. Wanne ne a ciki ya ƙara miki ko naira ɗaya? Citta ce kaɗai zan yarda ta yi tsada, tun da cuta ta faɗa wa gonakinta a Kachia da ƙasar Jaba a daminar 2023, amma ɗan yanki ake buƙata.

Sauran maganin yana cikin abincin da muke jin kunyar fitarwa gaban baƙi. Dambu mai yawan zogale. Kwaɗon rama. Alale da ganye. Wake da alayyahu. Fate, wanda duk Arewa ta san Zazzagawa da shi, amma in baƙo ya yi sallama ana sha sai a tura tukunyar bayan ƙofa. Maƙwabciyar nan tawa ce ta koya mini na acca. Wahalar acca ɗaya ce, rega. Ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, yashin gaske kuma yana ɓuya a cikinta. Ƙwarya biyu da ruwa, kina kaɗawa kina tsiyayewa daga wannan zuwa waccan, sau huɗu, sau biyar, har sai kin shafa gindin ƙwarya ba ki ji ƙaras-ƙaras ba. Ruwa na tafasa da busasshen kifi da daddawa da albasa da gauta da waken da kika riga kika dafa, sai ki riƙa zuba accar kaɗan-kaɗan kina juyawa kada ta yi gudaji. Ba ta daɗewa a wuta. Da ta yi kauri sai ki kifa yakuwa da alayyahu, masu yawa, har ki ga kamar sun fi ƙarfin tukunyar, ki rufe ɗan lokaci ki sauke tun ganyen na kore. Tsamin yakuwa kan sa harshe ya manta ba a cika gishiri ba. Gwangwanin madara ɗaya na acca ya ishi mutum biyu har uku, don ganye ne ya cika kwanon.

Sai dai a nan ma akwai inda muke zamewa. An ji cewa acca da alkama sun dace da mai sukari, sai a tuƙa masa tuwon alkama kamar kan jariri a ce ya ci ya ƙoshi, ai magani ne. A ɗauke sukari a malala masa zuma a kunu, a cika masa faranti da dabino. Duk waɗannan suna ɗaga sukarin jini. Likitan da ya duba Kawu ya zana mana faranti a bayan takarda: rabi ganye, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko wake, ragowar kashi ɗayan shi ne na tuwo, ko na mene ne. Ya kuma ja kunnenmu a kan lokaci. Mai shan maganin sukari ko mai yin allurar insulin, in aka bar shi da yunwa, sukarin na iya faɗuwa ƙasa warwas, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto, ya ma iya suma. Ki tuna bukukuwanmu da ake cewa walima ƙarfe biyu, a ba da abinci ƙarfe biyar. A irin wannan hali, lemon nan da nake ta kushewa shi ne zai cece shi. Mai ciwon ƙoda kuma nasa dabam ne: ganyen da kike taƙama da shi, da ayaba da dankali da tumatir, wataƙila su aka ce ya rage, wani ma har ruwan sha an ƙayyade masa. Shi ya sa na daina yi wa baƙo likitanci da ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na yara. A wani suna da na je a Tudun Wada, wata ƙawata ta faɗa da babbar murya cewa kada a ba ɗanta komai mai gyaɗa, jikinsa ba ya karɓa. Wata gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Ɗan Bahaushe ne ba ya cin gyaɗa? Ku dai 'yan boko da sanabe." Can aka miƙa wa yaron tsinken tsire, wai ai nama ne. An manta ƙuli-ƙuli ne a jikinsa. Kafin a ankara leɓensa ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, uwar ta saɓe shi sai asibiti ko mayafi ba ta ɗauka ba. Allah ya taƙaita. Amma irin wannan kan toshe numfashi cikin mintoci, kuma a girkinmu gyaɗa ba ta da iyaka: tana cikin miyar taushe, tana cikin kwaɗo, da kunu, da kilishi, da yajin tsire, da man da aka soya ƙosai, har da faten da na gama yabo in an bi yadda aka saba yin sa.

Ban ce babu masu tsirfar gaske ba. Akwai wadda ta kalli wani bidiyo a TikTok jiya da dare, yau ta zo gidanki tana cewa ita ta daina cin shinkafa, gobe ki gan ta a biki da faranti biyu. Akwai kuma baƙon da zai zo ba sanarwa ya zauna yana lissafa abin da ba ya ci kamar ya shiga otal. Waɗannan ba na tashi in sake girki dominsu. Amma ko su, me zai ragu a jikina in na ce to, ga ruwa, ga lemon zaƙi na yanka, na bar zancen? Ba ni da na'urar da zan bambance mai iyayi da mai lalura, kuma na riga na ga abin da kuskure ke jawowa.

Baƙo shi ma da nasa laifin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon sukari ba abin kunya ba ne, hawan jini ba asirin gida ba ne, kuma kalma biyu a waya kafin a taso ta fi kwana biyu a gadon asibiti. Amma mafi yawan laifin ina ɗora shi a kan mazajenmu, su da suke gayyato mutane. Sun san abokinsu na shan magani, sun san kawunsu an hana shi gishiri, amma saƙon da zai iso kicin shi ne, "Za mu yi baƙi, a yi abu mai kyau." Mace ta ƙone hannu ta ƙarar da cefanen mako, a kwashe kwanuka kamar yadda aka kai su, ko kuma a ci don kara a tafi da ciwo.

Bara da Kawu ya ce zai sake zuwa, kwana biyu kafin Sallah na kira matarsa.

"Inna, me Kawu yake ci yanzu, me aka hana shi?"

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta yi dariya ta ce tun da aka gano ciwon ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. Ta lissafa mini, har da ƙarfe nawa yake shan magani.

Ranar da ya zo, ƙarfe ɗaya daidai na ajiye masa faten acca ba gyaɗa, da farfesun naman layya, da zoɓo ba sukari. Hajiya, surukata, tana zaune. Ta buɗe kwano ta rufe, ta dube ni.

"Fate? Ranar Sallah? Yayana guda ya zo gidan ɗana a ba shi fate?"

Kawu bai tanka mata ba, ya ja kwanonsa ya shanye tas. Da ya hango wainar da aka kawo wa Hajiya, sai ya ce, "'Yata, miƙo mini guda ɗaya." Na tsaya ina duban mai gidana. Kawu ya ce, "Ɗaya na ce, na san awona." Na miƙa masa, ya ci rabi ya ajiye rabi, ni kuma na danne bakina ban ce ya ƙarasa ba. Da zai tafi ya sa na ƙulla masa ragowar ɗanyar accar a leda ya kai wa Inna.

Hajiya dai har yau ba ta huce ba. Duk taron dangi sai ta ba da labarin shekarar da matar ɗanta ta tari yayanta da fate ranar Sallah.